Bayan An Sauke Akwati

Duk wanda zai tafi hutu ƙasar waje ba ya rasa masu ba shi shawara. Wannan ya ce ya nemi biza da wuri, wancan ya ce kada ya manta da rigar sanyi, wani kuma ya koya masa yadda zai auna akwatinsa don kada ya wuce kilo 23. Amma ban taɓa ganin wanda ya zaunar da matafiyi ya koya masa yadda ake dawowa ba. Mun ɗauka dawowa ba ta bukatar koyo, tunda ba a yi wa mutum kwatancen ƙofar gidansu. A ganina wannan kuskure ne. Dawowa ta fi tafiya wuya, kuma a makon farko bayan an sauke akwati ake gane ko hutun ya amfani mutum ko kuwa ya ɓata shi. Ni kaina na taɓa faɗuwa wannan jarrabawa, shi ya sa nake da bakin magana.

Ni malamin sakandare ne a Ibadan. Ina da ƙanwa da take aikin jinya a Landan, ta kuma daɗe tana roƙona in kai mata ziyara. A wani dogon hutu na watan Agusta ta aiko mini da tikiti, na tafi na yi mako uku. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai. Na shiga jirgin ƙasan da yake bi ta ƙarƙashin gari. Na tsaya a bakin kogin Tems ina kallon ginin majalisar dokoki da babban agogon nan nasa. Na yini a gidan tarihi na Birtaniya ba tare da an karɓi ko kwabo a hannuna a ƙofa ba. Wuta ba ta ɗauke ba ko sau ɗaya, ruwa bai tsaya a famfo ba. Idan allo ya nuna bas za ta iso nan da minti huɗu, da wuya ta kai shida. Rana kuma ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas, saboda haka yinin yana da tsawo, ga shi ba ni da aikin yi sai yawo da kallo.

Tsakanin Landan da Legas tafiyar kamar awa shida da rabi ce a jirgin sama. Da na sauka, na tarar da Nijeriya yadda na bar ta. Idona ne ya canza. A kan hanyarmu ta zuwa Ibadan sai na riƙa ganin abubuwan da na shekara arba'in ina wucewa ban kula da su ba: ramukan titi, da leda ta cika kwata, da direbobi suna ta danna oda babu dalili. Mun isa gida da la'asar, babu wuta, unguwa ta ɗauki ƙarar janareta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai ya zame mini kamar tsakuwa a cikin shinkafa.

A ƙasarmu ba a barin wanda ya dawo daga tafiya shi kaɗai. Bahaushe ya ce "sannu da zuwa", Bayarabe ya ce "e kaabo", mutumin Ibo ya ce "nnoo", kuma a unguwarmu duka ukun na sha ji a ranar. Mutane suka yi ta shigowa, ana tambayata hanya da gajiya da yadda na baro ƙanwata. Ni kuwa bakina ya kama wasu kalmomi biyu ya ƙi saki: "a can". A can ba a yin oda. A can ba a zubar da shara a titi. A can yaro ba ya makara. Duk wanda ya zauna sai na auna masa mudu guda na "a can" kafin ya tashi.

Washegari da yamma maƙwabcina ya shigo. Tela ne, shagonsa yana jikin katangar gidanmu. Muna cikin gaisawa aka ɗauke wutar da aka kawo da rana. Na yi tsaki, na ce, "Ka gani ko? A can in ka gaya wa yaro ana ɗauke wuta, sai ya ɗauka tatsuniya kake yi masa." Ya yi murmushi ya ce, "Allah ya kai mu lokacin, Malam." Bai daɗe ba ya yi sallama ya fita.

Mahaifiyata tana zaune a gefe tana jinmu. Da ya fita sai ta ce, "Kai, tun jiya kake ba mu labarin garin mutane. Ka tambaye mu yadda ka same mu?"

Na ce, "Ai na ga kowa lafiya, Inna."

Ta ce, "Ka gani, ko ka tambaya? Mutumin nan da ya fita, mahaifinsa ya rasu kana can. Sakkwato ya je ya yi kwana bakwai, shekaranjiya ya dawo. Kafin ya tafi, da iska ta yaye kwanon ɗakinka, shi ya hau ya buga shi cikin ruwa. Ba mu gaya maka a waya ba don kada mu ɓata maka hutu. Tun jiya nake neman inda zan sa baki, ka hana."

Wato mutumin da ya kamata in fara zuwa yi wa ta'aziyya, shi ne ya tako ya zo yi mini sannu da zuwa, ni kuma na saka masa da labarin wutar Landan. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Tun daga lokacin nake tunani a kan wannan hali, domin ba ni kaɗai ke da shi ba. Kusan kowa ya san wani da ya je Dubai ko Istanbul ko Amurka na mako biyu, ya dawo komai na gida yana yi masa wari. Abin da na fahimta shi ne, kwatancin da muke yi tun daga tushe ba na adalci ba ne. A gidan Bahaushe na gargajiya akwai zaure, wato ɗakin farko da ake shiga daga waje, kuma a nan ake sauke baƙo. An share shi, an shimfiɗa tabarma, an kawo ruwa mai sanyi. Can ciki kuwa akwai tsakar gida, inda ake wanke-wanke da daka, inda hayaƙi yake, inda yara suke kuka, inda ake lissafin kuɗin cefane. Baƙo ba ya shiga nan. Mai hutu a ƙasar waje baƙo ne, zauren ƙasar kawai ya gani. Idan ya dawo sai ya ɗauki zauren wasu ya gwada da tsakar gidansu. Ta yaya tsakar gida za ta ci wannan gasa?

Ƙanwata ce ta buɗe mini ƙofar tasu tsakar gidan. Mako guda bayan dawowata ta kira ni da sassafe, tana kan hanyar komawa gida daga aikin dare na awa goma sha biyu. Na soma yi mata ƙorafin wuta da ruwa, sai ta yi dariya ta ce, "Yaya, ai kai Landan ta 'yan hutu ka gani. Ka dawo a watan Disamba ka ga tawa." A Disamba, in ji ta, kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, mutum ya fita aiki cikin duhu ya dawo cikin duhu. Kuɗin haya yana cinye kusan rabin albashinta. Bayan harajin da ake cirewa daga albashi, akwai na ƙaramar hukuma, da kuɗin ɗumama ɗaki, har da lasisin kallon talabijin. Ta shekara uku a gidan da take, amma ba ta san sunan wanda ke zaune a ƙofar da ke kallon tata ba. Da ta kwanta rashin lafiya, babu wanda ya ƙwanƙwasa. A cikin hirar ne kuma ta suɓuce ta faɗi abin da ta ɓoye mini: tikitin nan nawa, wata huɗu ta yi tana karɓar ƙarin aiki a ranakun hutunta kafin ta haɗa kuɗinsa.

Ban kawo wannan don in ce can babu daɗi ba. Akwai daɗi, kuma ita kanta ba ta ce za ta tattaro ta dawo gobe ba. Abin da nake nufi shi ne, mai hutu ba ya biyan haya, ba ya zuwa aiki, ba ya jiran layin ganin likita, kuma yana kashe wa kansa a mako uku abin da aka tara a wata da watanni. Rabin daɗin da ya ji ba na ƙasar ba ne, na hutun ne. Da na ɗauki kuɗin nan na tafi Yankari a jihar Bauci na yi ta wanka a ruwan ɗumi na Wikki, ko na hau tsaunin Obudu a jihar Kuros Riba, babu allo babu alli, ana dafa mini ana kawo mini, da na dawo ina cewa babu ƙasa kamar Nijeriya.

Akwai kuma abu na biyu da baƙo ba ya gani, shi ne tarihi. Kogin Tems da na tsaya ina sha'awa, a da can shi ne babbar kwatar Landan, duk ƙazantar birnin a cikinsa take ƙarewa. A shekarar 1854 cutar kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta kashe mutum fiye da 600, har wani likita mai suna John Snow ya bi diddigi ya gano cewa daga ruwan wani famfo guda na kan titi cutar take yaɗuwa. A lokacin zafi na 1858 warin kogin ya yi tsananin da 'yan majalisa suka kasa zama a ɗakunansu, aka riƙa jiƙa labule da sinadari ana ratayawa a tagogi. Da warin ya isa hancin masu yin doka, cikin 'yan makonni suka amince da kuɗin aiki. Injiniya Joseph Bazalgette ya jagoranci gina manyan magudanan ƙazanta a ƙarƙashin birnin, aikin da ya ɗauki fiye da shekara goma. Haka kuma iskar da na shaƙa. A watan Disamba na 1952 hayaƙin gawayin kwal ya haɗu da hazo ya rufe Landan kwana biyar, mutum aƙalla 4,000 suka mutu, sannan a 1956 aka kafa dokar tsabtace iska. Ko ledar kanti, sai a 2015 aka fara sa wa mutanen Ingila kuɗi a kanta don su rage ɗauka.

Ashe ba da tsabta aka haife su ba. Sun yi wari, sun yi mutuwa, sun yi gardama, sun biya haraji, sannan suka gyara. Wanda ya dawo yana cewa "a can" ya ɗauko ƙarshen labarin ya bar farkonsa da tsakiyarsa, alhali su ne masu amfani a gare mu. Mai sauraronsa kuwa abin da zai tashi da shi shi ne cewa su wata halitta ce daban, mu kuma haka aka yi mu. Wannan ba ilimi ba ne, kashe zuciya ne.

To, a nan wani zai ce, "Wato so kake mu yi shiru? Ba an ce tafiya mabuɗin ilimi ba? In wanda ya ga abu mai kyau bai faɗa ba, yaya za a yi a gyara?" Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba zan kauce mata ba. Ƙorafin da na yi a kan wuta ba ƙarya ba ne. A shekarar 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 85 ba su da wutar lantarki ta gwamnati ko kaɗan, waɗanda suke da ita kuma sun san yadda take zuwa. Babu wata kishin ƙasa da za ta mai da wannan abin alfahari. Ni a wurina, wanda ya je ya gani ya dawo yana jin zafi ya fi wanda yake cewa "ai haka muka saba" ya juya ya kwanta.

Amma akwai tambaya: wa kake gaya wa, kuma don me? Maƙwabcina tela ba shi yake samar da wuta ba. Hasali ma ya fi ni sanin zafin rashinta, domin ni duhu kawai take jawo mini, shi kuwa abincinsa take hanawa. Gaya masa cewa a Landan ba a ɗauke wuta bai ƙara masa sanin komai ba, sai dai ya tuna masa cewa ni na je shi bai je ba. Ƙorafi yana da wuraren da ake kai shi: taron unguwa, da ofishin da abin ya shafa, da wasiƙa zuwa ga wakilin mazaɓa, da akwatin zaɓe. Idan mutum ya tsallake duk waɗannan ya zo ya sauke shi a kan mahaifiyarsa da maƙwabcinsa, ba gyara yake nema ba, so yake a san ya hau jirgi.

Sannan akwai kason da yake namu, wanda ba ya jiran gwamnati. A Landan na taɓa riƙe robar ruwa da na shanye har kusan rabin awa ina neman kwandon shara, don kunyar kada a ga na yar. A layin bas ban taɓa tsallake kowa ba. Amma kwana uku da dawowata, ina cikin tasi a Ibadan, na shanye ruwan leda na zuge gilashi na wurga ledar waje, bakina kuma bai daina zancen tsabtar Turawa ba. Wannan a garin da bai manta da ambaliyar kogin Ogunpa ta 1980 ba, da kuma ta watan Agustan 2011 wadda ta ci rayuka fiye da ɗari, kuma kowa ya san sharar da ke toshe hanyoyin ruwa tana cikin abubuwan da ke ƙara wa ambaliya ƙarfi. Hannun da ya riƙe roba a Landan shi ne ya yar da leda a Ibadan. Halin kirkin na iya shi, a filin jirgi na baro shi. Ba kuma sai an je Turai ba. Ƙasar Ruwanda ta hana amfani da leda tun 2008, kuma a ranar Asabar ta ƙarshen kowane wata jama'a suna fitowa aikin gayya. Duk wanda ya je Kigali yakan dawo da labarin tsabtarta. Nawa ne suke dawowa da tsintsiya?

Wani ɓangare na ɓacin ran mai dawowa kuwa ba daga tunani yake ba, daga jiki ne, kuma yana da kyau a san haka don kada a ɗora wa gida laifin da ba nasa ba. Jikin ɗan'adam yana da nasa agogo, wanda hasken rana yake saitawa. Dubai tana gaban Nijeriya da awa uku, Sin da awa bakwai, birnin New York kuma yana bayanmu da awa biyar a watan Agusta. Wanda ya dawo daga Amurka zai ga ƙarfe biyu na dare idonsa biyu, da hantsi kuma yana gyangyaɗi. Likitoci sukan ce jiki yana bukatar kamar kwana guda don kowace awa ta bambanci, kuma tafiya gabas ta fi wahalarwa. Maganin ba wani mai tsada ba ne: mutum ya fita cikin hasken rana, ya ci abinci a lokacin da mutanen gida suke ci, ya guji dogon barcin rana. Ni dai ba ni da wannan uzuri, domin a watan Agusta agogon Landan da na Ibadan ɗaya ne.

Haka kuma sanyin jikin da ake ji idan hutu ya ƙare ba alama ce ta cewa rayuwar mutum ta lalace ba. A shekarar 2010 wasu masana a ƙasar Holan suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan mutum 1,530. Sun gano cewa masu shirin tafiya hutu sun fi waɗanda ba za su je ko'ina ba farin ciki kafin tafiyar, amma bayan an dawo yawancinsu ba su fi na gida da komai ba. Waɗanda suka sami hutu mai natsuwa sosai ne kaɗai daɗin ya biyo su gida, shi ma bayan kamar mako biyu sai ya fara gushewa. Ka ga ke nan har mutumin Holan, wanda ba a ɗauke masa wuta, yakan dawo daga hutu ya ji safiyar Litinin ta yi masa nauyi. Shi ya sa nake ganin wauta ce mutum ya sauka daren Lahadi ya ce zai shiga aji ko ofis da safe. A bar kwana biyu ko uku a tsakani.

Sai aljihu. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya bar kasuwa ta yanke wa naira farashi a watan Yunin 2023, tafiya waje ta ƙara tsada, har a 2024 fam guda na Ingila ya haura naira 2,000. Ni tikiti kyauta na samu, amma duk da haka da bashi na dawo, kuma tsaraba ce ta jawo. Tsaraba ita ce kyautar da matafiyi yake kawo wa mutanen gida. Al'ada ce mai kyau, ba na goyon bayan masu cewa a daina ta, domin ma'anarta ita ce "ina can ban manta da kai ba". Sai dai mun mai da ita gasa. Na roƙi a ba ni kwasar adashi kafin lokacina, na cika akwati biyu da riguna da takalma da turare. Da na zauna rabo sai na ga yawancin kayan an rubuta a jikinsu cewa a Sin aka yi su, kuma akwai irinsu a kasuwar Dugbe a farashin da bai kai wanda na saya ba. Wata biyar na yi ina zubi ba ni da abin ɗauka. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a cikin duk kayan nan, wanda mahaifiyata ta fi so shi ne hoton ƙanwata da kayan aikinta, wanda aka wanke mini a kan kuɗin da bai kai na kofin shayi ba. Yana nan rataye a ɗakinta. Takalmin kuwa ya matse ta, ta bayar.

Ku ɗalibai ma abin ya shafe ku. A kowace shekara idan aka koma makaranta a watan Satumba, akan sami ɗaya ko biyu a aji da suka yi hutu a waje. Wani mako biyu kawai ya yi, amma ya dawo harshensa ya karye, abincin makaranta ya daina ciwuwa. A gefensa kuma ga wanda ya yi hutunsa a shagon mahaifiyarsa, ko a gonar kakansa, ya yi shiru kamar ba shi da labari. Alhali wanda ya yini yana ba da canji a kasuwa ya koyi lissafin da babu shi a littafi, wanda ya yi noma kuma ya san abin da buhun masara yake ci kafin ya cika. Ba laifi ba ne ka ba da labarin abin da ka gani, abokanka ma suna son ji. Amma in ka ba da naka, ka tambayi nasu, kuma ka saurara da gaske.

Wannan tambaya ita ce na ga Hausa ta tanada tun da daɗewa, ni ne na yi sakaci da ita. Gaisuwar dawowa ba hanya ɗaya take bi ba. Ana ce wa matafiyi "yaya hanya?" da "yaya ka baro su?", shi kuma ya ce "yaya na same ku?" da "yaya bayan rabuwa?" Ba ado ba ne. Yayin da kake can, rayuwa ba ta tsaya jiranka ba: an haihu, an rasu, an ɗaura aure, wani ya kwanta asibiti, wani ya ɗauke maka wani nauyi. Duk waɗannan bashi ne da ya taru a kanka, kuma a ganina mutum bai gama dawowa ba sai ya biya shi. Inda aka haihu ya je barka, inda aka rasu ya je ta'aziyya, marar lafiya ya je dubiya, wanda ya kula masa da gida ya je godiya. Yana cikin wannan zagaye ne zai ga ƙafarsa ta koma takun gida, ramukan titi kuma sun koma girmansu na da.

Nawa zagayen da shagon maƙwabcina na fara shi, washegarin ranar da Inna ta yi mini magana. Na same shi yana taka tsohon kekensa na ƙafa, domin babu wuta. Na zauna a benci na ce, "Ashe abin da ya faru ke nan. Yaya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta." Ya amsa, na yi masa godiyar kwano, na kuma nemi ya yafe mini. Ya ce babu komai. Ya ba ni labarin jinyar tsohon, da tsawon hanyar Sakkwato, da gonar da aka bari babu mai dubawa. Mun fi awa guda ban ce "a can" ba.

Da na tashi tafiya, shi da kansa ya ce, "Malam, wai a can akwai teloli irinmu kuwa?"

Na ce akwai, har na kai wando an rage mini tsawonsa, aka karɓi fam goma sha biyu. Ya tsayar da keken, ya yi lissafi da yatsu, ya ce, "Naira dubu ashirin da huɗu? Rage ƙafar wando? To, me nake yi a nan?"

Sai na gaya masa abin da ƙanwata take biya na hayar ɗaki a wata. Ya sake lissafi, wannan karon ya daɗe. Sannan ya gyara zaren da ke bakin allura, ya ce in miƙo masa almakashi, ya ci gaba da taka kekensa.